Curin Shinkafa Goma Sha Ɗaya

Kham na tsakar gida yana baza shinkafar da aka shanya, yana jan ƙafa a cikinta layi-layi, sai ya ji ƙugin mota a lungu. Mota ba ta shigowa lungunmu haka kawai: ko dai amarya aka kawo, ko kuma wanda likita ya gaji da shi. Ya leƙa ta kan guntuwar katangar da ta raba shi da maƙwabcinsa, sai ga Toan, ɗan maƙwabcin, ya fito da ubansa a goye. Hao ne, amma ciwo ya cinye rabinsa. Mutumin da bara yake saɓa buhu shi kaɗai, yau ƙafafunsa na reto a bayan ɗansa, takalmi ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa ba wanda ya kula.

"Sun sallamo shi," in ji Mui, matar Kham, tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu.

"Na gani."

"Ka dai san irin sallamar."

Da Toan ya zo daidai katangar, Hao ya ɗago kai daga kafaɗar ɗansa, ya dubi Kham da idanun da suka faɗa can ciki.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ana ta shanya?"

"Ana yi. Sannu da hanya."

Shekara arba'in da takwas ke nan Hao bai kira Kham da wani suna ba sai wannan. Baƙo in ya ji sai ya ce kai, mutanen ƙauyen nan akwai ladabi. Mu da muka san tushen maganar, in mun ji sai kowa ya nemi abin kallo a wani gefen.

Ga tushen. A shekarar babbar yunwa, lokacin Japanawa, an tsinci Kham a kan tudun da ke tare Jan Kogi, yana ɗan shekara goma, bai san inda iyayensa suka faɗi ba. Maigida Luong, uban Hao, shi ya ɗauko shi. Luong ba mutum ne mai sauƙi ba. Yana da gonaki da ɓaunar noma biyu da gida mai rufin jan tayil, yana da saurin hannu da sanda, kuma a madafa yake sa a zuba wa Kham abinci, ba a kan tire tare da 'ya'yansa ba. Amma dai an zuba. Kham ya yi kiwon ɓauna shekara goma, ya kwana a tabarma ɗaya da Hao, wanda a lokacin Yaya Kham yake kiransa.

Sai gwamnati ta zo da rabon gonaki. Aka turo jami'ai daga nesa, da takalman roba da littafi a aljihu, an ba su adadin azzaluman masu ƙasa da za su samo a kowane ƙauye, mu kuwa ƙauyenmu ba shi da wanda ya kai Luong. Kwana uku suka yi suna koya wa Kham abin da zai faɗa, har da inda zai ɗaga murya. Ranar taro aka durƙusar da Luong a filin zauren gari, Kham ya nuna shi da yatsa, ya kira sunansa gatsal, ya lissafa dukan da aka yi masa har da wanda ba a yi ba. Shi kuma tsohon aka ce duk amsar da zai ba tsohon baransa sai ya fara da "ranka ya daɗe". Ya faɗa sau goma sha wani abu. Hao na can bayan taro, ɗan shekara sha shida, yana ji.

Aka kori iyalin zuwa rumfar ɓauna, inda gidan Hao yake tsaye yau. Babban ɗakin gidan Luong aka ba Kham. Shekara ta zagayo aka sanar cewa an yi kuskure a wurare da yawa, aka cire sunan Luong daga cikin azzalumai, amma takarda kawai aka gyara. Wanda ke ɗaki ya ci gaba da zama a ɗaki.

Wannan duk ƙauye ya sani. Abin da ƙauye bai sani ba shi ne na kwana goma sha ɗaya.

Bayan taron an kulle Luong a ɗakin ajiya na bayan zaure, aka rataya wa Kham bindigar da ba harsashi aka ce ya yi gadi. An hana kowa gaida iyalin, balle sayar musu da hatsi. Duk da haka, kullum da tsakar rana Hao kan ɓullo ta bayan kurmin gora da curin shinkafa ɗaya, da ɗan gishiri da riɗi, a naɗe cikin ganyen ayaba. Kham ya karɓa ya shigar wa tsohon. Wannan kam ya yi, kuma ya sha tuna wa kansa cewa ya yi. Ranar tara ga watan sha ɗaya da safe ya buɗe ƙofa ya tarar da Luong a jingine da bango, ya yi sanyi. Shugaban jami'an ya ce ba a yanke hukunci ba tukuna, manya na tafe, wanda ya yi maganar zai maye gurbin mamacin. Suka binne shi a bayan zauren. Da tsakar rana sai ga Hao da curinsa.

Kham ya buɗe baki. Ya rantse wa kansa sau dubu cewa ya buɗe baki. Amma hannunsa ne ya riga bakin, ya karɓa. Ya zagaya bayan ɗakin ya tsuguna, ya duba hagu da dama, ya cinye. Tsoro ne ya sa shi karɓa, yunwa ce ta sa shi ci, washegari kuma abin ya zo masa da sauƙi fiye da jiya, wanda shi ne ya fi damunsa har yau. Sai ranar ashirin ga wata aka aika wa iyalin cewa tsohon ya cika da asuba, an ma rufe shi.

To kowa ya san mamaci ranarsa yake dawowa gida cin abinci, ranar da ya cika, ba jiya ba, ba gobe ba. Shekara arba'in da takwas Hao na yanka kaza ranar ashirin, yana jera kwanuka a teburin kakanni, yana kiran uban da ya riga ya zo ya wuce kwana goma sha ɗaya baya. Shi kuwa Kham, da yake yana kwana a ɗakin da teburin Luong ya taɓa tsayawa, har sawun ƙafafunsa huɗu na nan a daɓe, sai ya kasa barci. Shekara ta biyu ya kafa ɗan teburinsa a kan sawun. Duk tara ga watan sha ɗaya ya dafa kifi da citta, abincin da tsohon ya fi so, ya kunna turaren tsinke uku. Da ya auri Mui daga hayin kogi ya ce mata ranar ubansa ce.

Yanzu kuma Hao ya dawo gida mutuwa, ga shi watan sha ɗaya ya kama. In ya tafi bai ji ba, Toan zai gaji ranar ashirin, ɗan Toan ya gada daga gare shi, shi Kham in ya bi bayansu babu mai dafa kifin. Tsohon zai yi ta zuwa yana tarar da teburi wayam har abada.

Mui ta fara zirga-zirga zuwa gidan Hao da kwanon kunun shinkafa. Takan dawo ta ajiye kwanon da ƙarfi don a ji.

"Cokali biyu ya sha. Limamin haikali ya je, mai wanzanci ya je, har matar nan da suka yi shari'ar agwagwa ta je. Kai kaɗai ne ƙafarka ta fi ta kowa tsada."

"Zan je."

"Yaushe? In an ɗaura farin ƙyallen makoki?"

"Na ce zan je, Tsohuwa."

Ya je ɗin, sau biyu. Na farko ya kai bakin ƙofar Hao, sai ya tuna bai rufe kejin kaji ba. Na biyu ya shiga har tsakar gida, ya ji tarin Hao daga ɗaki, sai ya tsaya yana yaba wa matar Toan yadda kabewarta ta yi yabanya, ya juyo. Mutum mai shekara sittin da takwas, wanda ya yi shekara shida yana dakon harsashi a dazuzzukan kudu jirage na ruwan wuta a kansa, ya kasa taka dandamali mai hawa biyu. Kunya ta ishe shi, ya dawo ya zauna yana zuƙar lofensa na gora har kansa ya yi jiri.

Toan ne ya ce masa ta kan katanga, yana wanke gwangwanin fitsarin uban: "Baffa, likita ya ce sati ɗaya, shi kuma ya ce likita bai isa ba, sai ya ga ranar ashirin. Wai ba zai je ya tarar da Kaka bai ba shi abincin bana ba."

Kham ya ce, "Haka ne," ya shige ɗaki.

Ranar tara ya tashi da wuri ya tafi kasuwa. Ya zaɓo kifi mai rai, ya sa mai kifin ta canja masa sau biyu. Ya dawo ya fasa citta da gindin wuƙa, ya jera a ƙasan tukunyar ƙasa, ya ɗora kifin, ya rage wuta. Wannan girkin ba ya yarda Mui ta sa masa hannu. Tana zaune a kan 'yar kujera tana tsince ganye, tana kallonsa a kaikaice.

"Ni dai uban nan naka yana ba ni mamaki," ta ce. "Sunansa ba ka sani ba, garinsa ba ka sani ba, amma ka san ba ya son citta ta yi laushi."

"Ki ji da ganyenki."

"Ina ji da shi. Shekara arba'in da biyar ina ji da shi."

Wajen hantsi ƙamshin ya cika gidan ya tsallaka katanga. Kham ya jera tire: kifin, shinkafa kwano ɗaya, dafaffen ƙwai, ƙaramin kofin giyar shinkafa. Ya sa rigarsa mai dogon hannu. Yana ƙoƙarin kunna ashana sai ya ji an yi gyaran murya a ƙofa. Toan ne, yana sosa ƙeya.

"Baffa, ka yi haƙuri. Baba ne ya aiko ni. Wai ka zo."

"Yanzu?"

"Wai yanzu. Kuma wai..." Toan ya dubi tiren, ya kau da kai. "Wai kada ka kunna turaren tukuna. Ni ban gane ba, ko zafin ciwo ne."

Ashanar ta faɗi daga hannun Kham. Mui ta duƙa ta ɗauka, ta sa a aljihun rigarsa, ta gyara masa wuyan rigar.

An jawo gadon Hao zuwa babban ɗaki, kusa da teburin kakanni, don ya riƙa ganin hoton uban. Ba hoto ne na gaske ba, wani mai zane a birnin lardi ne ya zana shi daga kwatance, ya yi masa fuskar mai haƙuri wadda Luong bai taɓa yi ba. Ɗakin na warin man zafi da magani. Hao na kwance a rigingine, an tokare shi da matashi biyu.

"Zauna, ranka ya daɗe. Toan, ba shi kujera. Kai ma zauna, kada ka fita."

Kham ya zauna a bakin kujerar. Ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Yaya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Kwana shida ban ci abin kirki ba, sai ga ƙamshin kifinka ya shigo mini har gado. Ka iya shi. Uwata ma ba ta fi ka ba." Ya numfasa. "Na wa ne?"

A nan ne Kham zai ce na ubana ne, kamar yadda ya saba. Kalmar na nan a bakinsa, ta goge don yawan amfani. Ya dubi Toan, ya dubi hoton, ya dubi hannun Hao a kan bargo, ƙashi da jijiya, hannun da ya riƙa miƙo masa ganyen ayaba ta tsakanin gora.

"Na Maigida ne," ya ce. "Yau ce ranarsa. Tara ga wata ya rasu, ba ashirin ba. Ni na buɗe ƙofa na gan shi."

Toan ya miƙe tsaye. Uban ya ɗaga yatsa ɗaya, ya koma ya zauna.

"Ci gaba."

"An ce kada in faɗa. Na ji tsoro."

"Ci gaba. Akwai saura."

"Shinkafar da ka riƙa kawowa." Sannan Kham ya ƙarasa: "Daga ranar tara zuwa sha tara. Goma sha ɗaya. Ni na ci."

A waje matar Toan na kiran kaji, tana buga kwano. Kham ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, ko tofin yawu, duk wanda ya zo zai karɓa da godiya. Sai ya ji wani sauti kamar tari, ya ɗago, ashe dariya Hao ke yi.

"Ka ga, bai kashe ka ba," in ji Hao. "Na sani."

"Ka sani?"

"Katangar nan iyakarta ƙirjina. Yaron da aka tsinta a kan tudu, wanda na kwana da shi shekara goma bai san ko sunan ubansa ba, rana ɗaya ya tashi da ranar uba, har da kifi da citta. Ni jaki ne? Tun kafin a haifi wannan na ƙirga. Tara zuwa ashirin. Na ƙirga curin ma."

"Baba," in ji Toan, "ka sani, kuma ka bar mu muna yin ranar ashirin?"

"Rana ba kayan shanya ba ce da zan miƙa hannu in ɗauko ta kan katanga. Wanda ya gani shi ke faɗa, da bakinsa, a gaban teburi. Na ce ba zan tambaye shi ba ko zan mutu. Duk shekara in na ji ƙamshin nan sai in ce to, bana zai shigo. Sai in ji yana wanke tukunya." Ya rufe ido, ya buɗe. "Kada ka ɗauka ni na fita daga laifi. Shekara arba'in na bar ubana yana cin abinci a gidan wanda ya nuna shi da yatsa, don kawai in ga iyakar mutum. Wannan nawa ne, ni zan je in amsa shi. Da na ga ba zan kai ashirin ba, shi ne na aika."

Kham ya sauko daga kujera ya durƙusa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Ka yafe mini, Hao."

"Tashi, ba na son wannan. Na ga an durƙusa sau ɗaya, ya ishe ni." Ya jira har Kham ya koma kujera. "Ka tuna Nu?"

Ya tuna. Autar gidan ce, 'yar shekara biyar, mai bin sa rumfar ɓauna tana roƙo ya ɗora ta. Ya san ta rasu a sanyin shekarar nan. A lokacin ba mai zuwa makokin gidan mai ƙasa, shi ma daga baya ya ji a bakin mutane.

"Gwangwani ɗaya muke dafawa a rana, mu uku," in ji Hao. "Kalar da nake yi a gonaki in mutane sun watse. Uwata ta fara cire nata ta dunƙula wa Baba. Da ta kasa tashi, sai aka koma cire na Nu, don ni ne mai fita kala. Aka ce mata na Baba ne, in ya ci zai dawo. Ita ke riƙe ganyen ana naɗewa. Kwanakin ƙarshen nan duk nata ne."

Kham bai san wannan ba. Shekara arba'in da takwas yana ɗauke da kayan da ya ɗauka ya san nauyinsa, ashe rabi ya sani. Ya ji ɗanɗanon gishiri da riɗi ya taso masa a maƙogwaro, sabo fil, kamar yanzu ya haɗiye. Ya riƙe bakin kujerar.

"Toan," in ji Hao, "je ka ɗauko tiren nan daga gidansa. Daga yau a nan Kakanka zai ci. Ka rubuta a bayan hoton, tara ga watan sha ɗaya. Shi kuma Baffanka ya huta, ya yi nasa."

Toan ya fita bai dubi Kham ba. Ya dawo da tiren a hannu biyu, Mui na biye da shi da kofin giyar don kada ya zube. Aka jera a teburi. Ashanar gidan ta jiƙe, sai da Kham ya ciro tasa daga aljihu ya miƙa. Toan ya kunna tsinke uku, ya sa su a hannun uban, ya riƙe hannun ya ɗaga sau uku, sannan ya kafa a kasko. Leɓunan Hao na motsi. Ya daɗe yana magana da hoton, ba mai jin abin da yake cewa.

Da turaren ya ci rabi, Kham ya matso bakin gadon.

"Ita Nu," ya ce, "wace rana ce tata?"

Hao ya dube shi. Babu ƙiyayya a idon, gajiya ce kawai, da wani ɗan abu da ya rage wanda bai ga dalilin bayarwa ba.

"Kowace shekara ina kunna mata tsinke ɗaya. Ba ka taɓa jin ƙamshin ba?"

"Ban kula ba."

"To ka jira, Yaya Kham," ya ce. "Ni ma na jira." Ya juya fuska wajen bango.

Ranar sha huɗu da rana tsaka, Kham na gyaran kejin kaji, ya ji kukan matar Toan ya tashi. Ya ajiye guduma. Daga gonar ayabarsa aka sare kututturen da aka kafa turare a jikinsa a kan akwatin gawar, Toan bai tambaya ba, Mui ce ta sara ta miƙa. Aka yi kwana biyu ana busa da kiɗa. Ranar kai shi makwanci Kham ya bi layi can baya tare da tsofaffi, wani na ba shi labarin farashin taki, shi kuwa abin da ke yawo a kansa ɗaya ne: sau ɗaya a shekara arba'in da takwas Hao ya kira shi da sunansa, kuma a cikin maganar da aka hana shi abin da ya roƙa.

Da aka dawo ya tambayi Mui ko ta san ranar yarinyar.

"Ina zan sani? Ranar yaro ba a gayya. In kana so ka tambayi Toan."

Bai tambaya ba. Ya ga ba shi da bakin. Toan na gaishe shi in sun haɗu, Baffa ina kwana, Baffa sannu, amma idonsa a kan hanya yake.

Washegarin kwana ukun rasuwar Kham ya tashi ya dafa gwangwanin shinkafa ɗaya. Ya juye ta da zafinta a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya yi ta murzawa a kan turmi har ta haɗe. Yatsunsa sun sandare, curin ya fito a karkace. Ya daka riɗi da gishiri, ya yanko ganyen ayaba ya gasa shi kaɗan don kada ya yage, ya naɗe. Ya kai kan katanga ya ajiye, daidai inda ta fi gajarta. Tun da bai san ranar Nu ba, kuma an ce a sanyin nan ne, sai ya ba kowace rana nata.

"In kare ya ɗauka fa?" in ji Mui.

"In sake wani."

Da yamma ya je ya tarar da shi yadda ya bar shi, ya ɗauke ya watsa wa kaji. Washegari ya sake. Ranar ashirin ta zo ta wuce, gidan Toan shiru, ba kaza ba baƙi, karo na farko tun kafin a haifi Toan ɗin. Watan sha ɗaya ya ƙare. Sanyi ya ƙaru, da yayyafin nan mai shiga ƙashi. Matar Toan kan zo shanya a igiyar da ke jikin katangar, ta ɗan matsar da curin gefe da bayan hannu don kada ruwan wanki ya ɗiga masa, ta koma. Kajin Kham suka yi ƙiba har maƙwabta na tambayar me yake ba su.

Ranar shida ga watan sha biyu ya ajiye curin ya dawo dandamali ya zauna da lofensa. Bai kai ga kunnawa ba ya ga Toan ya fito daga ɗaki, da farin ƙyallen makoki a goshi da riga mai dogon hannu, an ɓalle maɓallanta har wuya. Ya zo jikin katangar ya tsaya. Bai dubi inda Kham yake ba. Ya sa hannu biyu ya ɗauki curin, ya juya ya shiga da shi.

Kham bai motsa ba. Can iska ta juyo, ta kawo ƙamshin turare, siriri, na tsinke ɗaya.

Ya tashi ya shiga babban ɗaki. Kalandar na rataye a ginshiƙi, irin mai takarda ɗaya kowace rana, lissafin wata a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ya nemo tabarau ya duba sau biyu. Ya yage takardar a hankali don kada ta ɓaci, ya ninke ta huɗu, ya ɗaga kaskon turaren da ke kan ɗan teburinsa ya sa ta a ƙarƙashi. Daga madafa Mui na kankare ƙanzon tukunya, ta tsaya, ta saurara, sannan ta ci gaba.